Ƙaddara Gaskiya Ce, Amma Wa Ya Cinye Kuɗin Taki?



Akwai amsoshi guda uku da duk wanda ya taɓa fita yawon siyasa a unguwanni da ƙauyukanmu ya haddace su ko bai so ba. Ka tambayi magidanci yaya ake ciki, ya ce sai haƙuri. Ka tambaye shi me ya jawo, ya ce haka Allah ya so. Ka tambaye shi to wa zai zaɓa, ya ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Duka ukun babu ta banza, kuma babu wadda musulmi zai ƙaryata. Sai dai a bakin mutane da yawa sun zama ƙofar da ake bankowa da zarar magana ta doso inda ya kamata a kama sunan mai laifi. A bakin wannan ƙofar nake son mu tsaya yau.

Bari in share fage tukuna. Ni ba malami ba ne. Difloma gare ni, sai ɗan abin da muka tsinta a islamiyya da zaure. Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, rukuni ne cikin rukunan imani shida, wanda ya musanta shi ya yi sallama da addini. A kan haka na tashi, a kan haka nake fatan cikawa. Don haka wanda ya ga kan rubutun nan ya fara zare ido, don Allah ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke min hukunci. Rigimata ba da ƙaddara take ba. Rigimata da masu mayar da ita bargon rufe ɓarnar da hannunsu ya aikata ce.

In ka zauna a majalisa ko teburin mai shayi aka ɗauko zancen abin da ke kawo talauci, bayani huɗu za ka ji, kuma kowanne yana jingine da addini.

Na farko shi ne rabo. Tun ran gini ran zane: an riga an rubuta wa kowa abin da zai ci, zafin nema ba ya kawo samu, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Mai wannan fahimta yana da kwanciyar hankalin da kuɗi ba sa saye. Ba ya hassada, ba ya sata, ba ya tunanin rataye kansa don an kore shi daga aiki. Wallahi wannan ni'ima ce, kuma ita ce ke riƙe da garuruwanmu a wannan tsanani.

Na biyu shi ne zunubi. Laifinmu ne ya jawo mana, mun yawaita saɓo, mun tauye mudu, mun yanke zumunci, shi ya sa aka ɗora mana shugabannin da suka dace da halinmu. Nan ma da ƙamshin gaskiya, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kasuwar da ke ɓoye masara a rumbu yana jiran ta ninka ba gwamna ba ne, ɗan unguwarmu ne.

Na uku shi ne hannun maƙiya. An yi masa sammu, an kulle masa arziki, baki ya kama shi, kishiyar uwa ce ta binne masa laya. Wannan bai tsaya kan musulmi kaɗai ba. Cikin 'yan uwanmu Kirista ma akwai masu wa'azin da ke koyar da cewa talauci la'ana ce ko raunin bangaskiya, maganinsa kuwa mutum ya ƙara ba da baiko a majami'a, ko da yake akwai limaman coci da dama da ke yaƙi da wannan koyarwa. Mai neman a karya masa sammu da mai neman a karya masa la'ana, hanyar ɗaya ce: ɗan abin da ya rage a aljihu shi ma ya tafi.

Na huɗu ya fi yawa a bakin waɗanda Allah ya buɗa wa: talaka ne ya kashe zuciyarsa, ba ya son aiki sai maula, ai hannun da ke bayarwa ya fi mai karɓa. Gaskiya ne akwai matattun zuciya. Amma ka je bakin kasuwar Dawanau da asuba ka ga masu dako, ko ka bi mai tura ruwa a kura daga safe zuwa magariba, sannan ka dawo ka maimaita min cewa lalaci ne ya talauta su.

To ku lura da abin da ya haɗa bayanan nan huɗu. Na farko ya kai maganar sama. Na biyu da na huɗu sun mayar da ita kan talakan kansa. Na uku ya jefa ta gidan maƙwabci. Babu ko ɗaya da ya bi ta sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar gona, ko zauren majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗi. Mutumin da aka damƙa wa dukiyar jama'a ya fita fes, ko ƙura ba ta taɓa babbar rigarsa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk bayanin da kullum yake wanke mutum ɗaya, ya kamata a tambayi wa ke amfana da yaɗuwarsa.

Yanzu mu koma ga addinin kansa, mu ga ko haka ya koyar.

Da talauci abu ne da aka ce a zuba masa ido, da ba a sanya zakka cikin shika-shikan Musulunci biyar ba. Allah da kansa ya lissafa waɗanda za a ba, kashi takwas, a cikin Suratut Tauba, kuma faƙirai da miskinai ne a sahun farko. Aka ƙayyade adadi: ɗaya cikin arba'in na kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin na wadda aka sha wahalar ban ruwa. Da wasu ƙabilu suka ce sun daina bayarwa bayan wafatin Manzon Allah (SAW), Sayyidina Abubakar bai ce a ƙyale su haka Allah ya so ba. Runduna ya tayar. Wato haƙƙin talaka abu ne da hukuma ke ƙwatowa. Kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya kasance yana neman tsarin Allah daga talauci da nauyin bashi. Ba a neman tsari daga abin da ake so a dawwama a ciki.

Kowa ya san labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Amma labarin da ya fi shafar masu mulki shi ne na Sayyidina Umar. Yana kan hanyar Sham aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya nuna masa cewa daga wata ƙaddarar ake gudu zuwa wata, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa, cikin ƙaddarar Allah yake. To jama'a, makiyayin da ya bar gefen ciyawa ya kai garke kan fako, dabbobi suka rame, mai garke zai ƙyale shi don ya ce ƙaddara ce?

A shekara ta 18 bayan hijira aka yi fari mai tsanani a Hijaz, wadda ake kira shekarar toka. Umar ya fita da jama'a roƙon ruwa. Bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya turo ayarin abinci. Aka kafa tukwane ana ciyar da waɗanda suka kwararo Madina. Ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai mutane sun samu. Ya dakatar da haddin sata a kan wanda yunwa ta tilasta. Ga addu'a, ga aiki, ga shugaban da ya rame tare da talakawansa. Farin daga Allah ne, amma Umar ya ɗauki yunwar a matsayin tambayar da shi za a yi wa.

Kafin shi ga Annabi Yusuf (AS). An nuna masa shekara bakwai ta yalwa da bakwai ta ƙunci. Ai ƙaddara ba ta wuce wannan, tunda har an sanar da shi. Me ya yi? Ya tsara a yi noma tuƙuru, a adana hatsi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan, ya kuma nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa saboda amana da sani. A yaren yau, wannan shi ne tanadin abinci da kasafin kuɗi.

Shi ya sa malamai suka kafa wata ƙa'ida da ya kamata kowane matashi ya riƙe: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Wanda gobara ta cinye wa shago, mu ce masa ya yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Wanda ya cinna wutar ba shi da wannan mafaka. Ko a kotun shari'a, ɓarawo bai taɓa kuɓuta don ya ce an rubuta masa zai yi sata ba. Me ya sa wanda ya saci akuya ba a karɓar masa wannan uzuri, amma wanda ya sace kuɗin asibiti mu da kanmu muke miƙa masa shi?

Wannan ba baƙuwar fahimta ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya zayyana halayen sarakunan zamaninsa da ya ce sun saɓa wa Musulunci. Cikinsu har da ɗora wa talakawa haraji irin su jangali da kuɗin gari, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da ƙwace kayan mutane a kasuwa. Shehu ya fi mu sanin babin ƙaddara nesa ba kusa ba, amma bai ce wa Fulanin da ake tatsa da manoman da ake zalunta su je su yi ta haƙuri ba. Sunan zaluncin ya kama. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya cikin aikin shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauran masu sana'a, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Wato tun wancan lokaci an san cewa arzikin gari yana da alaƙa da abin da mai mulki ya yi ko ya ƙi yi.

Sai zamanin iyayenmu. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta. Babban aikinsu shi ne cire wa talaka tunanin cewa an halicce shi ne don a hau kansa. An ɗaure su, an yi musu bulala, an jefe su da kafirci, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Alhali Malam Aminu ɗan gidan malamai ne, mai tafsirin Alƙur'ani. Daga cikin addinin ya ɗauko hujjarsa. Da PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Harajin da kakanninmu suka ɗauka kamar fitowar rana ne, wanda magidanta ke barin gari saboda shi, sai ga shi alƙalami ya kashe shi. Ashe abin da aka ce daga sama yake, a ofis ake rubuta shi. A ɗaya ɓangaren kuma, Sardauna Ahmadu Bello, wanda babu mai shakkar riƙonsa da addini, bai naɗe hannu ba: a zamaninsa aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa jami'ar Zariya a 1962. Sun saɓa a siyasa matuƙa, amma babu ɗayansu da ya ɗauki tawakkali a matsayin zaman jiran gawon shanu.

Mu dawo yau. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa. Mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna ciki. Kashi 65 cikin ɗari na waɗannan, kimanin miliyan 86, a Arewa suke. Jihar Sakkwato ce a sama da kashi 91, Ondo a ƙasa da kashi 27. Ƙasa ɗaya, naira ɗaya, Ubangiji ɗaya. Akwai wanda zai buɗe baki ya ce Sakkwatawa sun fi kowa saɓon Allah a ƙasar nan? A'uzubillahi. Ko kuwa duk jihar aka yi wa sammu? Ku dubi abin da aka auna a rahoton: yaro yana zuwa makaranta ko ba ya zuwa, nisan gida da asibiti, ruwan sha, makewayi, abincin da ake samu, aikin yi, tsaro. Kowanne cikin waɗannan akwai ma'aikatar da aka kafa dominsa, akwai kwamishina, akwai motar ofis, akwai kuɗin da ake warewa duk shekara.

Ku tambayi dattawan Kakuri a Kaduna. Akwai lokacin da in an tashi daga aiki a masaƙu, kekuna ke toshe titi. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000 suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masana'antu da dama suka yi shiru a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa. Da masaƙa ta mutu, manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya rasa mai saye, mai abinci a bakin ƙofa ta rasa ciniki, ɗan ma'aikaci ya bar makaranta ya kama acaɓa. Wannan talaucin an san ranar haihuwarsa, an san ungozomarsa.

Haka ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ruwan sama na Allah ne, babu mai ja. Waɗanda suka rasa 'yan uwa da dukiya, Allah ya ba su haƙuri ya mayar musu da alheri. Amma madatsa ginin mutum ce, duba lafiyarta aikin mutum ne, kuma an taɓa ganin irin wannan a garin a 1994. Tambayar wa ke da alhakin kula da ita ba rashin tawakkali ba ne. Ita ce ɗaure raƙumar.

Haka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Ana iya muhawara ko matakin daidai ne ko kuskure, kuma don adalci, manyan 'yan takarar 2023 duk sun ce za su cire. Abin da ba a muhawara a kai shi ne, shawara ce da mutane suka zauna suka yanke. Tun daga lokacin kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai a lissafin naira. Ina ya shiga? Wannan tambaya ce ta duniya, kuma a duniya ya kamata a fara amsa ta. Manomin Zamfara ko Katsina da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, ba raunin imani ne ya hana shi cika rumbu ba.

Ga wani ma'auni mai sauƙi da nake ba matasanmu. Duk wanda ya ce maka ka bar wa Allah, ka duba ko shi yana bar wa Allah nasa. Ɗan siyasar da ke cewa mulki na Allah ne yana ba wanda ya so, ranar da ya faɗi zaɓe za ka gan shi da tulin lauyoyi, daga kotun sauraron ƙararrakin zaɓe zuwa ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli. In ciwon kai ya dame shi, jirgi zai hau zuwa Landan ko Dubai ko Alƙahira. 'Ya'yansa ba sa zama a ƙasa a ajin da rufinsa ya yaye. Gidansa da injin wuta, da rijiyar burtsatse, da masu gadi. A duk lamarinsa yana riƙo da sababi kamar ransa. Kai kaɗai ne aka ware wa tawakkali marar igiya. Ni kam ban ga laifinsa don ya nemi magani ko ya je kotu ba. Abin da nake cewa, irin tauhidin da yake aiki da shi a gidansa, shi muke so a bar mu mu yi aiki da shi a namu.

Akwai kuma masu kallonmu daga waje, har da wasu 'yan bokonmu, da ke cewa addini ne ya talauta Arewa. Su ma sun kauce. Malesiya ƙasa ce da musulmi suka fi yawa, suna karanta rukunan imanin nan shida da muke karantawa. A 1970 kusan rabin gidajen ƙasar na cikin talauci, yau abin ya koma 'yan kaso kaɗan. Tun 1963 suka kafa asusun adashin aikin hajji, wanda ake kira Tabung Haji, inda talaka ke tara kuɗinsa a hankali ana juya su a harkokin halal. Son zuwa Makka, wanda mu ma muke da shi, su sai suka mayar da shi jari. Imanin bai hana su ba. Bambancin yana ga yadda aka fassara shi da kuma irin shugabannin da aka samu.

Ga iyayenmu malamai, da ladabi nake magana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai da yawa cikinku da ke faɗa wa masu mulki gaskiya a kan mumbari, Allah ya saka muku. Amma duk mun ga abin da ya faru lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. Malamai da dama sun yi kira kada a fita, suna tsoron fitina, kuma asarar rayuka da fashe-fashen da aka yi sun nuna tsoron nasu ba na banza ba ne. Sai dai a karon nan mun ji yara suna mayar wa malamai baƙar magana a fili, abin da a da ko a mafarki ba a yi. Wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. In yaro ya ga kullum shi ake wa wa'azin haƙuri, wanda ya cinye haƙƙinsa kuma a sahun gaba ake shimfiɗa masa darduma, wata rana ba malamin kaɗai zai raina ba, abin da malamin ke karantarwa zai fara tuhuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mun ga irin ƙadangarun da suka shiga a Arewa maso gabas. Roƙonmu, in an karanta wa talaka babin haƙuri, a karanta wa mai mulki babin amana, a majalisi ɗaya, da murya ɗaya.

Ga masu hali kuma, zakka ba layin naira ɗari biyar-biyar ba ce a ƙofar gida ana turereniya. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba mutum abin da zai ishe shi shekara. Gara ka fitar da mutum biyar daga talauci da keken ɗinki ko jarin awara ko injin ban ruwa, da ka tara dubu su ci na yini ɗaya su dawo baɗi. Jihohinmu da dama suna da hukumomin zakka da waƙafi. Su ma a tambaye su nawa suka tara, wa suka ba.

To mu fa, magoya baya? Aikinmu ne mu canza yadda ake hirar nan a majalisu, ba da faɗa ba, ba da raina kowa ba. In dattijo ya ce maka haka Allah ya so, ka ce gaskiya ne Baba, Allah ya so, to amma takin da aka ce an kawo wa mazaɓarmu buhu nawa ne, wa ya karɓa? In uwa ta ce sai haƙuri, ka ce haka ne Inna, amma asibitin garin nan yaushe rabon da a ga ma'aikaci a ciki da dare? Ana wallafa kason da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma cikin 774 ke samu duk wata, ku nemo na garinku ku karanta wa mutane da Hausa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Akwai hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ku bibiya ko ana bi. Ranar zaɓe kuma, wanda ya karɓi taliya da sabulu ya dangwala, sannan ya ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, a tuna masa cikin lumana cewa ya riga ya kora garken zuwa fako da hannunsa.

Wannan ma'aunin ba na abokan hamayya kaɗai ba ne. Duk wanda muka tsayar, duk wanda muka yi wa yawo rana da dare, ya sani tun yanzu: ranar da ya hau kujera ya gaza, kada ya zo mana da haka Allah ya so. Za mu amsa masa da cewa gaskiya ne, kuma cikin ƙaddarar Allah ne za mu sauke shi. In ba mu iya faɗa wa namu haka ba, ba mu da bakin faɗa wa na wasu.

Haƙuri ba shi ne shiru ba. Haƙuri shi ne ka sha wuya ba ka saɓa wa Allah ba, ba ka ɗauki kayan wani ba, ba ka ƙona dukiyar jama'a ba, ba ka yanke ƙauna ba. Cikin haƙuri akwai tsayuwa a layin zaɓe cikin rana, da zama har a ƙirga ƙuri'a, da komawa ofishin kansila karo na goma da tambayar da aka ƙi amsawa karo tara. Kakanninmu da suka ce zafin nema ba ya kawo samu, su ne dai suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba su ga karo tsakanin biyun ba. Waɗanda suka riƙe mana ta farko suka ɓoye ta biyu, su suka san dalilinsu.

Allah ya yaye mana talauci da bashi, ya ba mu wadatar zuci da ta aljihu. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoron ranar hisabi, ya ba mu ƙarfin halin yi musu hisabin duniya kafin ta. Wanda ya karanta, ya kai wa wanda bai karanta ba.



Daga Shugaban Matasa